Babi na Biyar: Guzurin Tsakiyar Hanya

A zamanin da mutanen ƙasar Hausa suke tafiya aikin Hajji a ƙasa, su bi ta Borno da Wadai da Darfur, tun kafin jirgin sama ya mai da tafiyar shekaru ta zama ta sa'o'i, galibin masu niyya sukan bar gida da jakunkunansu cike da guzuri, 'yan'uwa sun raka su har bayan gari, kowa ya ba da abin da Allah ya hore masa. Amma in an yi nisa, gida ya ɓace a baya, Makka kuwa ko ƙamshinta ba a fara ji ba, sai guzurin da yawa daga cikinsu ya ƙare, su ya da zango a ƙasar Sudan suna ƙodago da noman auduga, waɗansu su yi shekaru kafin su tara abin ƙarasawa, waɗansu kuma zaman ke nan, ga zuriyarsu can har yau a bakin kogin Nilu.

Duk sa'ad da na dubi halin ɗalibanmu na jami'o'i da manyan kwalejoji a wannan zamani, sai labarin waɗannan bayin Allah ya faɗo mini a rai. Gama ranar da sunan yaro ya fito cikin waɗanda aka ɗauka, gida yakan cika da murna, kawu ya kawo nasa, gwaggo ta sayar da tunkiya, uba ya ci bashi a kan amfanin gona, har a haɗa kuɗin rajista da na katifa da na mota. Alhali kuwa karatun digiri shekara huɗu ne, na injiniya da na lauya biyar, na likita shida, ban da abin da yajin aikin malamai yakan ƙara a kai, kamar na shekarar 2022 wanda ya ci wata takwas cur. Tunkiyar gwaggo kuwa sau ɗaya ake sayar da ita. Saboda haka, bayan da muka gama bayani a babin da ya gabata a kan neman gurbin shiga, ya wajaba mu dakata a nan mu yi magana a kan wanda ya riga ya shiga, watau ina zai sami guzuri yana tsakiyar hanya.

Akwai wani wahami da ya yaɗu tsakanin iyaye da 'ya'yansu, cewa tallafin karatu, wanda jama'a suke kira sikolashif, rabon wanda za a tura Masar ko Indiya ne, ko na wanda ya gama digiri yana neman ƙari a Ingila, amma wanda ya riga ya zauna a aji a Zariya ko Sakkwato ko Maiduguri, shi kam nasa ya wuce. Haƙiƙanin al'amari akasin haka yake, domin da yawa daga cikin manyan tallafin da ake bayarwa a cikin gida, sharaɗinsu na farko shi ne mutum ya kasance ɗalibi mai rajista, da lambar makaranta da sakamakon jarrabawa a hannunsa.

Al'ada ce daɗaɗɗiya

Kafin mu ambaci inda ake nema, ya kamata mu kawar da wata kunya da takan hana ɗan mutunci buɗe baki, yana ganin kamar neman tallafi wani nau'i ne na roƙo. Ciyar da mai neman ilmi abu ne da magabata suka ɗauke shi farali a wuyan jama'a, har suka kafa masa dukiya ta musamman. Lokacin da Nizamul Mulki, wazirin Saljuƙawa, ya gina makarantar Nizamiyya a Bagadaza, wadda aka buɗe a shekarar 1067, ya tsayar mata da wakafi wanda daga cikinsa ake biyan malamai, ake kuma ciyar da ɗalibai. A masallacin Azhar na Alƙahira an raba ɗalibai ruwaƙi ruwaƙi gwargwadon ƙasashensu, kowane ruwaƙi da nasa hubusin, ana raba musu gurasa wadda ake kira jiraya, cikinsu har da ruwaƙin Barnawa. Malamin tarihin nan na Masar, Maƙrizi, ya ambaci cewa mutanen Kanem, a ƙarni na 13, sun ba wani alƙali mai suna Ibn Rashiƙ dukiya ya gina makarantar Malikiyya a can, suna kuma aika mata da kuɗi daga ƙasarsu. A nan gida ma, wane ne bai san attajirin da yakan ɗauki nauyin zauren malami da ɗalibansa ba, ko uwar ɗakin da takan ajiye wa almajiri ƙwaryar tuwonsa kowane dare?

Da ilmin zamani ya zo, gwamnatin Jihar Arewa a ƙarƙashin Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, ta ɗora a kan wannan turba, ta ɗauki nauyin 'ya'yan talakawa, musamman bayan buɗe jami'ar Zariya a shekarar 1962, har dattawan da suka yi karatu a wancan lokaci sukan ba da labarin yadda ɗalibi yakan ci abinci sau uku da tikiti, ya kuma rage wani abu daga alawus ɗinsa ya kai wa mahaifiyarsa in an yi hutu. Ana iya gane girman wannan gata daga abin da ya faru a watan Afrilu na 1978, sa'ad da ƙarin kwabo 50 a kan kuɗin abincin yini ya tayar da tarzomar ɗalibai a ƙasa baki ɗaya, wadda ake tunawa da ita da sunan kwamishinan ilmi na lokacin, Kanar Ahmadu Ali, har aka rasa rayuka a Legas da Zariya. Wancan zamani ya shuɗe. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, jami'o'in tarayya da yawa sun ƙara kuɗin rajista ninki ba ninki, abinci da kuɗin mota suka yi tashin gwauron zabi, gatan da a da yakan iske ɗalibi har ɗakinsa, yanzu sai ya ɗaura ɗamara ya bi sawunsa.

Inda ake nema

Wuri na farko shi ne Hukumar Tallafin Karatu ta Tarayya, wadda take ƙarƙashin Ma'aikatar Ilmi a Abuja. Tana da tallafi na musamman ga ɗaliban da suke karatu a makarantun gwamnati na cikin gida, na tarayya da na jihohi, jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha da na horar da malamai. Abin da ta saba sharɗantawa ga ɗan jami'a shi ne ya kasance ya kai aji biyu ko sama da haka, yana karatu na cikakken lokaci, matsakaicin makinsa kuma bai gaza 4.0 cikin 5 ba. Kusa da ita akwai asusun PTDF, wanda aka kafa tun 1973 domin samar da ƙwararru a sha'anin man fetur. Mutane sun fi saninsa da tura masu digiri na biyu da na uku ƙasashen waje, alhali yana da tsari na ɗaliban cikin gida masu karatun injiniya da ilmin ma'adinai da makamantansu.

Wuri na biyu shi ne hukumomin tallafin karatu na jihohi, waɗanda kusan kowace jiha tana da tata. Abin da suke bayarwa galibi bai kai na tarayya ba, yakan kuma zo a makare, amma sharaɗinsa ya fi sauƙi, domin asali ake dubawa kafin maki, kuma kaɗan ɗin nan yakan sayi littafi da buhun garin kwaki. Wani lokaci kuma jiha takan yi hoɓɓasa ta daban, kamar yadda gwamnatin Kano ta amince a 2023 ta biya wa ɗalibai 7,000 'yan asalin jihar kuɗin rajista a Jami'ar Bayero bayan ƙarin da aka yi.

Wuri na uku kamfanoni ne. Kamfanonin mai da iskar gas, irin su Chevron da Shell da TotalEnergies a haɗin gwiwarsu da NNPC, da kuma NLNG, sun daɗe suna ba da tallafi ga 'yan aji ɗaya ko aji biyu. Ko da yake sukan keɓe kaso ga yankunan da suke haƙar mai, sukan kuma buɗe wani kaso na cancanta ga 'yan ƙasa duka, ɗan Katsina da ɗan Bayelsa su zauna jarrabawa ɗaya. Gidauniyar MTN kuwa ta zaɓi 'yan aji uku masu karatun kimiyya da fasaha a makarantun gwamnati, waɗanda makinsu ya kai 3.5, ta yi shekaru tana ba kowannensu naira 200,000 a shekara har ya gama, muddin makin bai faɗi ba. Tana kuma da wani tsari dabam domin ɗalibai makafi.

Wuri na huɗu shi ne wanda ya fi kusa da mutum, amma shi aka fi mantawa da shi, watau hukumomin zakka da wakafi irin na Kano da Sakkwato da Zamfara, da ƙungiyoyin ci gaban gari, da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, da kyaututtukan da jami'a kanta takan ba wanda ya yi fice a sashensa. Malaman fiƙihu sun yi bayani cewa ɗalibi mabuƙaci, wanda karatu ya shagaltar da shi ga barin neman abinci, yana cikin waɗanda zakka ta halatta gare su; don haka babu aibi ga wanda ya rubuta takarda cikin ladabi, ya haɗa da shaidar makaranta, ya kai inda ya dace.

Sai kuma bashin karatu na asusun NELFUND, wanda ya kamata a bambanta shi da duk waɗanda suka gabata, tun da su kyauta ne, shi kuwa rance ne. An sa hannu a kan dokarsa a 2023, aka sake ta a watan Afrilu na 2024, aka fara karɓar masu nema a watan Mayu na 2024. Asusun yakan biya kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantar, ya kuma ba ɗalibin da ya nema naira 20,000 a wata domin ɗawainiyarsa. Babu kuɗin ruwa a kansa, abin da ya kawar da shubuhar riba ga mai tsoron Allah, kuma ba a fara biya sai bayan shekara biyu da gama hidimar ƙasa, a riƙa cire kashi 10 cikin 100 na albashi. Amma bashi, ko da na alheri ne, sunansa bashi, mai hankali yakan shige shi da niyyar biya, domin abin da ya mayar shi ne za a ranta wa ƙanensa.

Shekarar farko

In mai karatu ya yi tadabburi a kan sharuɗɗan da muka jero, zai ga abu guda yana ta maimaituwa, watau aji biyu ko aji uku, da kuma maki. Ma'anar wannan ita ce, hukuncin wanda zai samu da wanda zai rasa ana yanke shi ne tun a shekarar farko, a daidai lokacin da yaro yake ɗokin 'yancin da ya samu bayan kulle na sakandare, bai ma san akwai wani abu mai suna tallafi da yake jiransa a gaba ba. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Ga yadda lissafin yake. A tsarin da galibin jami'o'inmu suke bi, wanda ya ci 70 zuwa sama a darasi yana da daraja ta A mai maki 5, daga 60 zuwa 69 B mai maki 4, daga 50 zuwa 59 C mai maki 3, haka har zuwa F wadda ba ta da komai. Kowane darasi yana da nauyinsa, sai a ninka maki da nauyi, a tara duka, a raba da jimlar nauyin darussan da ɗalibi ya ɗauka tun ranar da ya shiga. Abin da ya fita shi ne ake kira CGPA. Tun da tarawa ake yi, ba a yafe wa shekarar da ta wuce. A ƙaddara yaro ya gama aji ɗaya da 3.0, nauyin darussan shekarun biyu kuma daidai yake: in yana son ya kai 3.5 a ƙarshen aji biyu, sai ya ci 4.0 a shekarar; in kuwa 4.0 yake nema, to sai ya ci A a kowane darasi ba tare da togiya ba, abin da nadiran ne yake aukuwa. Darasi guda mai nauyi da aka faɗi, wanda ɗalibai suke kira kariyoba, yakan ja makin ƙasa ja mai wuyar gyara, domin sifirin nan yana nan cikin lissafi ko bayan an sake darasin an ci. Don haka nasihata ga iyaye ita ce, ranar da za su sallami yaro ko yarinya, su haɗa musu da wannan bayani tare da addu'a da ƙuli-ƙuli, su gaya musu cewa laccar ƙarfe takwas ta zangon farko kuɗi ce.

Mas'alar suna da takardu

Akwai wata musiba da ta fi addabar 'ya'yanmu, wadda ba ta da alaƙa da ƙwazo ko kaɗan. Na san wani yaro a unguwarmu, haziƙi, wanda ya zauna jarrabawar wani tallafi ya ci, aka kira shi tantancewa, aka kuma sallame shi hannu rabbana, saboda sunansa a takardar sakandare dabam, a takardar shiga jami'a an gabatar da sunan uba, a banki kuma an ƙara sunan garinsu, ranar haihuwa ma iri biyu. A wurinmu Muhammad da Mohammed da Muhammadu da Mamman duk mutum guda ne, Abubakar shi ne Garba shi ne Habu, amma kwamfuta ba ta san alkunya ba, ba ta san laƙabi ba, harafi kawai take gwadawa da harafi. Tun da JAMB ta wajabta lambar NIN a 2021, banki kuma yana da tasa lambar BVN, duk saɓanin da ke tsakanin takardun mutum yakan fito fili nan take.

Maganin wannan shi ne ɗalibi, tun yana aji ɗaya, ya baje takardunsa a tabarma ya gwada su ɗaya bayan ɗaya: sakamakon WAEC ko NECO, takardar JAMB, takardar shiga makaranta, katin ɗalibi, takardar haihuwa ko ta rantsuwar shekaru, takardar shaidar asali daga ƙaramar hukuma, da asusun banki mai sunansa shi kansa, ba na yayansa ba. In ya ga saɓani, ya je kotu ya yi takardar rantsuwa, ya bi hukumomin da abin ya shafa a gyara, domin gyaran yakan ci watanni, lokacin cike takardar nema kuwa makonni ne kawai. Ya kuma ajiye hoton kowace takarda a wayarsa da akwatin imel ɗinsa, ya karɓi sakamakon kowane zango da hatimin sashe da zarar ya fito. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Labari, jarrabawa, da 'yan damfara

Tallafi ba ya yin shela a masallaci. Sanarwarsa takan fito a jaridu, da shafukan hukumomin na intanet, da allon ofishin kula da harkokin ɗalibai, kuma tun da yawancinsu shekara-shekara suke zagayowa kamar damina, wanda ya tambayi na gaba da shi a sashe, musamman wanda ya taɓa samu, zai san watan da ya kamata ya fara sa ido. Yawancin masu bayarwa sukan yi jarrabawa a kwamfuta, ta Turanci da lissafi da gwajin kaifin tunani, tambayoyi masu yawa cikin ɗan lokaci. Sau da yawa abin da yakan kayar da yaranmu shi ne rashin sabo da na'urar da rashin sauri, alhali ilmin yana nan, kuma wannan cuta ce da gwaji na 'yan makonni yakan warkar.

Inda duk mabuƙata suka taru kuwa, macuta ba sa nisa. Ƙa'ida guda ta isa ta tsare mutum: hukumar da take son ta ba ka kuɗi ba za ta ce ka fara biyanta ba. Duk saƙon da ya zo ta WhatsApp yana cewa a tura kuɗin fom, ko a ba da lambar sirri ta katin banki, ko a watsa shi ga mutum ashirin kafin suna ya fito, to tarko ne. Haka nan wanda ya je shagon intanet domin a cike masa, ya zauna a gefen mai cikewar ya duba kowane layi da idonsa, ya kuma tabbata lambar waya da imel ɗin da aka sa nasa ne, gama ta nan za a kira shi jarrabawa.

Tsakanin tawakkali da amana

Na sha jin ɗalibai suna cewa, ai wannan sai mai hanya, sai ɗan wane. Ba zan rantse cewa alfarma ba ta shiga ko'ina a ƙasarmu ba, amma lalle na lura cewa mafi yawan masu wannan magana ba su taɓa cike takarda ko sau ɗaya ba, sun yanke wa kansu hukunci tun kafin alƙali ya zauna. Tawakkali na gaskiya yana tare da riƙo da sababi, kuma wanda ya nemi wuri biyar aka hana shi huɗu, ya fi wanda ya zauna a ɗaki yana lissafin 'ya'yan manya. Wannan magana ta fi ƙarfi a kan 'ya'ya mata, waɗanda sau da yawa karatunsu ne na farkon tsayawa in aljihun gida ya yi rauni. Wajibi ne uba ko wa ko miji ya tsaya musu wajen haɗa takardu da zuwa wurin jarrabawa.

Wanda Allah ya ba shi kuwa, ya sani amana ya karɓa. Da yawa daga masu bayarwa sun sharɗanta kada mutum ya haɗa nasu da na wani, to ɓoye gaskiya a nan ha'inci ne, kuma cin rabon wani ɗalibi ne wanda la'alla saboda rashin wannan kuɗi zai koma gida. Kuɗin da aka bayar domin rajista da littattafai, in aka karkatar da shi ga sabuwar waya da shadda, an saɓa wa sharaɗin mai wakafi, makin kuma in ya faɗi, tallafin yakan tafi tare da shi. Zakkar wannan ni'ima ita ce, in sababbin ɗalibai sun iso a farkon shekara, suna ta neman ɗakin lacca da takardu a hannu, ya ja biyu ko uku daga cikinsu gefe, ya nuna musu yadda ake lissafin maki, ya ce su kawo takardunsu a gwada sunayen, ya gaya musu watan da sanarwa take fitowa. Gama mutanen Kanem da suke aika kuɗi Alƙahira shekara bayan shekara ba su san fuskokin ɗaliban da za su ci ba, abin da suka sani kawai shi ne akwai nasu a kan hanya.

A babi na gaba, in Allah ya yarda, za mu duba sana'o'in da ɗalibi zai iya haɗawa da karatu ba tare da ɗayan ya cinye ɗayan ba.